Ƙwai Ɗaya Cikin Dubu Ashirin: Wa Ya Ƙirga?

Tambaya: Malam, na karanta cewa ƙwai ɗaya cikin dubu ashirin ne ke ɗauke da ƙwayar Salmonella. Shin wani ne ya zauna ya fasa ƙwai ya ƙirga? Kuma in daina ba yarana ƙwan da gwaiduwarsa ba ta daskare ba? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, babu wanda ya bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Wannan adadi ya fito ne daga ƙiyasin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar a 1998 kan nau'in Salmonella Enteritidis, ƙwayar cutar da ke jawo gudawa da zazzaɓi, kuma ƙwan Amurka na wancan lokaci yake nufi. Kada ki ɗora shi kan kiret ɗin da ke gaban mai shayin unguwarku.

Masana kan bi ƙwai tun daga gidan kaji har bakin mai ci. Garken kaji nawa ne ke da cutar? A garken da ya kamu, kaza nawa ke zuba ƙwayar cikin ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe shi? Kwana nawa ƙwan ya yi a hanya, cikin wane irin zafi? Yaya aka dafa shi? Kowace tambaya ba ta da amsa guda, don haka sai a ba kwamfuta iyakar ƙasa da ta sama, ta yi ta zaɓen lamba kamar ƙuri'a sau dubbai, har a ga inda sakamakon ya fi taruwa. Ana kiran dabarar Monte Carlo. A 2002 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, sun yi irin wannan aiki.

Inda lissafin ya fi shafarki shi ne tsakiyarsa, wato kwanakin da ƙwan ya yi da zafin da ya sha kafin a dafa shi. Ƙwan da ya kamu galibi da ƴan ƙwayoyin cuta kaɗan yake fitowa, kuma farin ƙwai ba wurin zama ba ne gare su, domin akwai sinadarin da ke riƙe ƙarfen da suke buƙata, ya bar su da yunwa. Gwaiduwa kuwa daula ce. Abin da ya raba su da ita wani siririn tantani ne da ke saki a hankali. A zafin digiri 20 yakan kai mako biyu zuwa uku kafin ya saki. A digiri 30 da ƙyar ya wuce mako guda. Da zarar ya saki, ƙwayoyi ƙalilan kan zama miliyoyi, alhali ƙwan bai yi wari ba, bai sauya kama ba. Yanzu ki tuna zafin watan Afrilu a wajenmu, da kiret a kan teburi cikin rana. Dalili ke nan da dokar Amurka tun 2010 ta tilasta wa manyan gidajen kaji sanya ƙwai a sanyin digiri 7 cikin sa'o'i 36 da nasawa.

Game da yaranki, e, ki daina. Ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu su gudawa da zazzaɓin nan suka fi kayarwa. Ki dafa ko ki soya har fari da gwaiduwa su daskare. Ki riƙa sayen abin da za a cinye cikin ƴan kwanaki, ki bar wanda ya tsage, in kuma akwai wuta ki sa a firji. Mai datti a goge shi da busasshen tsumma. Wanke shi da ruwan sanyi na iya tura ƙazantar ciki ta ƙananan ƙofofin ɓawo.