Faifan farko na kiɗan rok: sai an bar Damagaram?

Ƙanena, ka tambaya ko dole sai ka tafi Yamai ko wata ƙasa mai nisa kafin ka fitar da faifanka na farko na rok ɗin nan da ake kira altanatif, wato wanda ya kauce wa salon rok da aka saba ji. A'a, ba dole ba ne.

Dubi Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kiɗan jita. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya kuma yaɗu ne daga waya zuwa waya ta katin memori, tun kafin Turai da Amurka su san da shi.

Abin da zai ba ka wahala a nan shi ne ganga. Jita da murya kana iya ɗaukarsu a ɗaki, ka rataya barguna a bango su shanye amon. Amma ganga tana son makirfo da yawa da ɗaki mai faɗi, to nan za ka zuba kuɗinka. Ku yi aiki da dare, bayan ƙarar kabu-kabu ta lafa.

Don Allah ka yi waƙar da Hausarmu ta Damagaram, ka sa kalangu ya amsa wa jitar. Ka fara da waƙa shida da kuka riga kuka buga gaban jama'a.