Tambaya da Amsa: Tseren Miƙa Sanda na Mita 400 Sau Huɗu a Gasar Matasa ta Duniya

TAMBAYA: Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Zariya. Na kalli tseren maza na mita 400 sau huɗu a gasar matasa ta duniya, sai na ga mai gudu na farko bai bar layinsa ba, na biyu kuwa ya bari. Mene ne dalili? Kuma ina da yara huɗu, yaya zan jera su?

AMSA: Malam, doka ce ta tsara haka. Mita 500 na farkon tseren a cikin layi ake yin su: na farko ya gama zagayensa cif a layinsa, na biyu ya karɓi sanda a layin, ya sha kwana ɗaya, sai ya tarar da ƙananan alamomi da aka jera a bakin miƙaƙƙiyar hanyar baya. Sai ya wuce su yake da ikon gangarowa ciki. Wanda ya yi gaggawa ya tsallaka kafin alamar yana iya ja wa ƙungiyarsa kora. Wani kuskuren da yara ke yi a nan shi ne su yanko ciki nan take, alhali akwai kusan mita 80 a miƙe a gabansu. Ka koya masa ya kafa ido a bakin kwana ta gaba, ya nufe ta a hankali. Yankowa da sauri ƙarin tafiya ce, kuma ita ke kawo karo da tuntuɓe.

Game da jeri kuwa, na farko shi kaɗai ke tashi daga matokarin ƙafa da ake kafawa a wurin fara gudu, kuma saboda tazarar da ke tsakanin layuka ba ya iya gane ko yana gaba ko yana baya, don haka ka sa yaro mai natsuwa wanda ya san awon gudunsa. Na biyu, a ganinmu, shi ne wanda masu horarwa suka fi rainawa alhali a hannunsa tsere ke gyaruwa ko ya lalace. Yana bukatar saurin mita 200 da kuma ƙirji, ya ƙwaci wuri kafin a shiga cunkoso. Ƙungiyar da ta gangaro ciki tana ta shida, sauran biyun za su ƙare ƙarfinsu ne wajen zagaye mutane a kwana, kuma duk kwanar da aka sha a layi na biyu asarar fiye da mita uku ce. Na uku galibi shi ne mai ƙarancin sauri, aikinsa ya riƙe abin da aka ba shi. Na ƙarshe, a al'ada, gwanin ƙungiya ne, amma ka duba halinsa kafin agogonsa. Yaron da idan ya hango wani a gabansa sai ya zuba duk ƙarfinsa a mita 150 na farko, ƙafafunsa za su daskare a mita 80 na ƙarshe. Idan kana da irinsa, gara ka mai da shi na biyu.

TAMBAYA: Daga wata mai karatu a Maraɗi: idan sanda ta faɗi ƙasa, an kori ƙungiya ke nan?

AMSA: A'a, Malama, faɗuwar kaɗai ba ta sa kora. Wanda ta faɗi daga hannunsa shi zai ɗauka. Yana iya fita layinsa ya ɗauko ta, muddin bai tare kowa ba kuma bai rage wa kansa nisa ba. A gasar 2018 a Tampere ta ƙasar Finlan, sanda ta kuɓuce wa Amurka, suka ɗauka suka ci gaba, suka tashi da lambar azurfa a bayan Italiya.

Abin da ya fi kora shi ne wurin miƙawa. Tsawonsa mita 20 ne, kuma a miƙawa ta biyu da ta uku mita goma ne kafin layin gamawa, goma bayansa. Mai karɓa a cikin wurin zai fara gudu, ba ya ja da baya ya ɗauko hanzari. Alƙali sandar yake kallo, ba jikin ɗan wasa ba. Idan hannu ya sake ta a wajen iyaka, magana ta ƙare. Sai kuma jerin masu jira. Lokacin da masu zuwa suka shiga kwanar ƙarshe, jami'i zai jera na uku ko na huɗu daga ciki zuwa waje bisa matsayin ƙungiyoyinsu a wannan lokaci. Ko da abokinka ya wuce mutum biyu bayan nan, ba ka da ikon canza wuri a bakin wurin miƙawa. Matasa da yawa zumuɗi ke sa su keta wannan, kuma abin takaici ne ƙwarai a ga yara huɗu sun yi gudu mai kyau an soke sakamakonsu a kan taku biyu.

Ita miƙawar ba irin ta mita 100 sau huɗu ba ce, inda ake karɓa ba a waiwaya ba. Mai zuwa a nan a galabaice yake, idonsa ma ba ya gani sosai, don haka nauyi na kan mai karɓa. Ya juya ta hagu yana fuskantar cikin fili, ya yi taku biyu ko uku daidai da saurin abokinsa, ya miƙa hannun hagu a buɗe daidai kafaɗa, ya ƙwace sandar da kansa, sannan nan da nan ya mai da ita hannun dama. A riƙa gwada wannan bayan yara sun gaji da atisaye, kuma a cikin cunkoson ƙungiyoyi uku ko huɗu. Sandar kanta bututu ce mai santsi, tsawon santimita 28 zuwa 30, nauyinta bai gaza giram 50 ba, kuma an hana safar hannu ko shafa abin da zai sa ta manne.

TAMBAYA: Daga Kumasi: su wa ke shiga wannan gasa, kuma Afirka ta taɓa cin tseren?

AMSA: Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 20 ce, kuma ana lissafin shekarun ne da ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasar. An fara ta a Atina a 1986, galibi ana yin ta duk bayan shekara biyu. Amurka ce ta fi kowa cin tseren maza. A Grosseto ta Italiya a 2004 ta yi minti 3 da daƙiƙa 1.09, da LaShawn Merritt da Kerron Clement a cikin jerin, waɗanda daga baya kowannensu ya ci zinaren Olamfik. Botswana ta zo ta biyu a Bydgoszcz ta Poland a 2016, sannan ta ci zinare a Nairobi a 2021. A wannan gasa ta Nairobi Nijeriya ta ci na mata da kuma na haɗakar maza da mata. A ɓangaren maza kuwa, Enefiok Udo-Obong yana ɗan shekara 18 ya yi wa Nijeriya gudun ƙarshe a Olamfik ta Sidni a 2000. Sun zo na biyu, aka mai da azurfarsu zinare a 2012 bayan an ƙwace ta Amurka saboda ɗaya daga cikin 'yan wasanta ya amsa shan ƙwayoyin ƙara kuzari.