Amsa: ko soda ce bes mafi ƙarfi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaya ko sodar da ake haɗa sabulu ita ce ƙarshen ƙarfin bes (kishiyar asid), tunda a makarantarku ta Madina an ce muku pH a 14 ya tsaya. A cikin ruwa kusan haka ne, a wajensa kuwa soda yarinya ce.

Ba cin fata ake dubawa ba, yadda bes ke fizgar furoton, wato ƙwayar haidirojin mai cajin fositif, shi ne ƙarfinsa. Duk wanda ya fi haidiroksaid (bes ɗin da ke cikin soda) ƙarfi, ana ce masa sufabes; da zarar ya taɓa ruwa sai ya ƙwace masa furoton, abin da zai rage miki haidiroksaid ne kawai. Shi ya sa ba pH ake auna su da shi ba, pKa ake dubawa, lambar da ke nuna wuyar sakin furoton, na abin da suke komawa bayan sun karɓi furoton, girman lambar shi ne ƙarfin bes ɗin: na ruwa bai kai 16 ba, na sufabes ɗin da ake kira LDA wajen 36, na wani mai suna butil-litiyom wajen 50. Kowace lamba ɗaya kuma ninki goma ce.

A ɗakin gwajin da nake aiki a Jubail, babban abokin gabarmu danshin teku ne, musamman a Agusta. Kwalabe a tanda suke kwana don su bushe ƙarau. NaH, wani bes mai ƙarfi, gari ne mai launin toka da ake sayarwa a jiƙe da mai. Ɗan abin da ya maƙale a cokali, ɗigon ruwa ya same shi, sai ki ji tsuuu, haidirojin na fita. Butil-litiyom kuwa da sirinji ake zuƙo shi a ƙarƙashin iskar argon, sau da yawa a sanyaya tukunyar zuwa digiri 78 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Akwai nau'insa da ɗigo ɗaya a bakin allura ke kamawa da wuta shi kaɗai. Wahalar ba ta banza ba ce, da butil-litiyom ake haɗa robar tayar mota da magunguna.

Ma'anar sufabes ɗin ma masana ba su yi ittifaƙi ba. IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, cewa kawai ta yi bes mai tsananin ƙarfi, ta ba da misalin LDA. Ni a jarrabawa zan rubuta: wanda ya fi haidiroksaid ƙarfi, ruwa ba ya riƙe shi. Wanda aka sanar a Ostireliya a 2016 cewa ya fi kowane bes ƙarfi, kada ya ruɗe ki, a cikin na'ura aka samar da shi a matsayin iskar gas, ba wanda ya taɓa zuba shi a kwalba.