Amsoshin tambayoyinku: iskar kabon ta haɗin gida ga masu akwatin kifi a Damagaram

Wani matashi daga unguwar Birni ya rubuto cewa: "Ina da akwatin kifi na gilashi mai cin lita 60, da ƴan gupi da tsirrai. Tsirran sun ƙi girma. An ce in haɗa yis da sukari a gora su ba da iskar CO2. Yaya ake yi, ko kuwa in sayi na kanti?"

Ƙanenmu, kafin ka kashe ko dala, duba irin tsirran da ka shuka. Anubias, Vallisneria da Java fern suna rayuwa lafiya ba tare da an ƙara musu iska ba, Anubias da Java fern kuwa jinkirin girma halinsu ne. Masu yawo a saman ruwa kuwa, irin su kainuwa, daga sarari suke shaƙar tasu. Masu buƙatar ƙarin iskar kabon, wato CO2 ɗin, su ne jajayen tsirrai da ƙananan nan masu shimfiɗa a ƙasa kamar darduma, su ma sai in akwai fitila mai ƙarfi ta awa 6 zuwa 8 a rana da ɗan taki. In haske ya gaza, ko ka cika ruwan da iska ba abin da zai tsiro.

In ka ga lallai kana so, akwatin lita 60 bai fi ƙarfin yis ba. Nemi gorar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi. Gorar ruwan sha ba ta yi, jikinta sirara ne, ba a ƙera ta don matsi ba, kwalba kuwa kada ma ka kusance ta. Zuba ruwa lita 1, sukari giram 200, bikarbonat (farar hodar soda ta masu yin kek) rabin ƙaramin cokali, ka girgiza har ya narke. A wani kofi daban ka jiƙa yis ɗin burodi rubu'in ƙaramin cokali da ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, ka bar shi minti 10 ya yi kumfa, sannan ka juye. Sararin da ya rage a saman gorar da gangan ne, wurin kumfa ne.

Mutane kan ce a ƙara sukari don ya daɗe. Yana da iyaka. Yis yana mayar da kusan rabin nauyin sukarin iska, rabin kuma barasa, kuma da barasar ta kai wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari sai ta kashe yis ɗin da kansa. Abin da ya wuce giram 250 a lita ɗaya asara ce, a cikin ruwan gora zai rage bai yi aiki ba. Ƙara yis kuma yana sa iskar ta fito da gudu ta ƙare da wuri.

Inda aikin yawancin mutane yake lalacewa shi ne murfi. Tiyon iska na akwatin kifi kaurinsa milimita 6 ne, don haka ka huda murfin da ramin da bai kai haka ba, kamar milimita 5. Yanke bakin tiyon a karkace ya yi tsini, ka zura, ka ja shi da filaya ta ciki har santimita 2 ya leƙo. Matsewar nan ita ce take riƙe iska, gam ba ya kama robar murfi sosai. Daga nan tiyon ya shiga wata ƙaramar gora mai ruwa rabi, ya nutse a ciki, wani tiyon kuma ya fita daga samanta zuwa akwatin. Ƙaramar gorar ita ce mai gadi: tana tare kumfar yis kada ta kai ga kifi, kuma a cikinta za ka ƙirga ƙwayoyin iska. Ɗaya a kowace daƙiƙa 2 ko 3 ya isa lita 60. Sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya tsakaninta da akwatin, in ba haka ba wata rana ruwan kifi zai tsiyayo ta tiyo ya cika maka ɗaki. In ka gama, shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne yake yoyo.

Farin dutsen watsa iska da ake sayarwa yana son matsi mai ƙarfi, yis bai cika iya tura shi ba. Ya fi sauƙi ka kai bakin tiyon ƙarƙashin inda filta take zuƙar ruwa, ita za ta farfasa iskar.

Sai maganar yanayinmu. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, gorar takan yi gudun tsiya kwana uku ko huɗu, kafin mako ya cika ta yi sanyi. Da hunturu kuwa da dare sai ta yi kamar ta mutu. Wannan hawa da sauka shi ne yake kawo baƙar gansakuka mai kama da gemu a gefen ganye. Maganinsa yana gida: tsoma gorar a cikin ƙaramar randa ko tulu mai ruwa, a inuwa, zafin zai daidaita. Mai hali ya haɗa gora biyu, yana sake ɗaya kowane mako.

Wata Hajiya daga Sabon Gari ta ce: "Tun da yarona ya sa gorar nan, da asuba nake tarar da kifayen a saman ruwa suna buɗe baki. Biyu sun mutu daren da aka ɗauke wuta."

Hajiya, sannu da rashi. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a garin nan. Tsiro da rana yake shan kabon ya ba da iskar shaƙa. Da an kashe fitila sai ya juya, ya shiga rububin iskar shaƙa tare da kifi. Shi kuwa yis bai san dare ba, bai san an ɗauke wuta ba, turawa kawai yake yi. Ga kuma ruwan zafi: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe wajen miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 ta koma kusan 7 da rabi. Filta ta tsaya, saman ruwa ya daina motsi, kabon ya taru. Shi ya sa asuba ce lokacin da abin yake faruwa.

Ki ce wa yaron, da an kashe fitila ko an ɗauke wuta, ya zare tiyon daga cikin ruwa ya bar shi yana hura sarari. Kada ya kuskura ya ɗaure tiyon ko ya toshe shi. Yis zai ci gaba da aiki, gorar ta kumbura ta fashe, ruwan sukari ya wanke bango. In kin sake ganin kifayen a sama, a cire tiyon nan take, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda ya kwana a bokiti, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana zubowa daga sama. In kuɗin abu ɗaya kawai gare ku, ku sayi famfon iska mai batir ko mai caji, ya fi kowace na'urar kabon amfani a nan.

Akwai ɗan kasko na gilashi da ake liƙawa a cikin akwatin, da ruwan gwaji a ciki. Shuɗi na nufin kabon ya yi kaɗan, kore daidai ke nan, wajen miligiram 30 a lita, rawaya kuwa haɗari. Sai dai yana makara da awa ɗaya zuwa biyu, don haka a fi yarda da abin da kifi ya nuna.

Wani malami daga Mirya ya tambaya: "Ruwan gorar yana warin giya, ba na so a gidana. Akwai wata hanya? Kanwa za ta yi?"

Malam, hancinka bai yi ƙarya ba, barasa ce. Duk mai amfani da yis ya zubar da ragowar a masai, ya kuma ajiye gorar inda yara ba za su ɗauka lemo ne ba. Hanyar da babu barasa ita ce ta sitirik asid, farin garin tsamin nan na masu haɗa lemo, da bikarbonat. Ana sayar da kayan haɗin: murfi biyu, agogon matsi da ɗan makunnin daidaita iska. Gora ta farko giram 200 na tsami da ruwa mililita 600, ta biyu giram 200 na bikarbonat da ruwa mililita 200. Ka matsa ta farko tsami kaɗan ya gangara cikin ta biyu, ka girgiza, ka maimaita har agogo ya kai bar 1 da rabi (bar shi ne ma'aunin matsi). Daga nan duk sanda matsi ya ragu, tsamin zai riƙa shiga da kansa. Fifikonta babba ne: ana rufe ta da dare, zafi kuma ba ya juya ta kamar yis. Wajen saye ka zaɓi mai makunnin ƙarfe da bawul ɗin sakin matsi. Kada gorar ta kwanta, in tsamin ya kwarara gaba ɗaya matsi zai tashi lokaci guda.

Kanwa za ta yi kumfa da tsami, dangin bikarbonat ce. Amma ga ƙasa ga gishiri a cikinta, kowane dunƙule da nasa ƙarfin, ba ta aunuwa, kuma dauɗarta tana toshe makunni. A bar ta ga miyar kuka.

Na ƙarshe ya ce zai je Kano, ko ya sayo tukunyar CO2 ta ƙarfe don akwatinsa mai lita 250?

Ga wannan girman, ita ce daidai, gorar yis ba za ta ƙosar da shi ba. Amma ka fara sanin inda za a riƙa cika maka ita kafin ka biya. Matsinta a digiri 20 ya kai wajen bar 57, kuma da ta wuce digiri 31 yana hawa da sauri, saboda haka kada a ɗora ta a saman mota cikin rana, a gida kuma ta tsaya a tsaye a ɗakin da ya fi sanyi, da regileta, wato na'urar rage matsi, na CO2 na ainihi, ba na tukunyar girki ba. In kuma karfasa ce ko tarwaɗa a cikin akwatin, riƙe kuɗinka, za su tuge tsirran kafin iskar ta yi musu wani amfani.