Yaya ake gane ingancin bayanin kayan aikin da aka rubuta wa wakilin AI?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai aiwatar da aiki da kanta, da zai riƙa amsa wa abokan cinikin shagonmu na intanet, ya duba musu oda, ya mayar da kuɗi idan ta kama. Kowane kayan aiki, wato ƙaramar manhajar da wakilin ke kira don ya yi wani aiki, na rubuta masa bayani, amma wani lokaci sai ya ɗauki wanda bai dace ba, ko ya cike gurbi da shirme. Ta yaya zan gane ko bayanin nawa ne ke da matsala? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Fara da sanin abin da wakilin yake gani. Tun da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ta fito da tsarin kiran kayan aiki a Yunin 2023, har zuwa ƙa'idar MCP ta haɗa AI da kayan aiki, wadda Anthropic, wani kamfanin AI, ta fitar a Nuwamban 2024, abubuwa uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da jerin guraben da zai cike a tsarin JSON Schema, wato hanyar fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Ba ya ganin manhajar da ka rubuta da ke bayan kayan aikin, bai kuma san abin da kuka saba yi a shago ba. Ɗan aike ne da aka ba takarda aka tura kasuwa, babu halin ya dawo ya tambaya. Duk abin da takardar ta bari, cikewa zai yi da zato.

Saboda haka ka miƙa bayanin ga wani mai haɗa manhaja da bai san aikinka ba, ka ce ya yi amfani da shi. Duk tambayar da ya yi maka, giɓi ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne guraben, kuma tunda kana harkar kuɗi, nan zan daɗe. Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, da kobo take karɓar adadi, wato 5000 a wurinta naira 50 ce. Idan gurbinka "adadi" kawai ya ce, abokin ciniki ya nemi a mayar masa da naira 5000, wakili zai iya rubuta 5000, mutum ya ga naira 50 a asusunsa. Kana iya rubuta "adadi a kobo" ka ƙara misali. Amma ni abin da na fi so shi ne kayan aikin ya karɓi naira, manhajarka ta yi lissafin kobon da kanta, don a toshe ƙofar kuskuren gaba ɗaya. Anthropic ta ba da labarin irin wannan a Disamban 2024: wakilinsu yana ruɗewa da gajeren adireshin fayil idan ya sauya babban fayil ɗin da yake ciki, sai suka wajabta cikakken adireshi, matsalar ta kau. Haka kwanan wata: 03/04/2025 a Najeriya 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris. Ka ce a bi tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana.

Batun ɗaukar kayan aikin da bai dace ba kuwa, galibi biyu ne suka yi kama. Idan kana da "nemo_oda" da "duba_oda", kai ma bayan wata uku sai ka tsaya tunani. Ko ka haɗe su, ko kowanne ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi, ya kuma nuna ɗan'uwansa. Wanda ke mayar da kuɗi lallai ya faɗa ƙarara cewa aikinsa ba ya warwaruwa.

Saƙon kuskure ma bayani ne, mutane na mantawa. "Kuskure 400" bai koya wa wakili komai ba. "Lambar oda tana farawa da harafi, ka nemo ta da lambar wayar mai saye" zai sa ya gyara da kansa.

Duk wannan karatu ne, hukunci na gaskiya yana wurin gwaji. Tara buƙatu ashirin ko talatin daga ainihin saƙonnin abokan cinikinka, da kurakuran rubutunsu da cakuɗa Hausa da Turanci. Saka wasu da ba sa buƙatar kowane kayan aiki, ka ga ko zai yi haƙuri. Maimaita kowace sau da yawa, domin amsarsa kan sauya. Sannan ka zauna ka karanta abin da ya kira da abin da ya cike, kada ka tsaya ga amsar ƙarshe kawai. Gyara abu ɗaya, ka sake gwadawa. Kada kuma gyara ya zama tsawaitawa, domin kowane bayani yana shiga kowane kira, kuɗi kake biya a kansa.

Idan za ka ɗauko kayan aikin MCP da wani ya rubuta, karanta bayaninsa gaba ɗaya kafin ka haɗa. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, wakili ya bi, ya fitar da bayanan sirri mai wakilin bai sani ba.