Kuɗin Gyaran Ajujuwa: Wa Ke da Hurumin Yankawa, Wa Ke da Alhakin Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a wani gari na ƙasar Katsina, ina da 'ya'ya huɗu a makarantar firamare ta gwamnati. A daminar da ta wuce iska ta yaye kwanon wani jerin ajujuwa uku, bangon ɗaya kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya ce a rufe jerin gaba ɗaya. An cusa yaran a sauran ajujuwa, wasu kuma suna karatu a gindin darbejiya. Da aka dawo hutu sai kwamitin makaranta ya yanka wa kowane yaro naira 2,000 kuɗin gyara, har an fara koro waɗanda ba su kai ba. Gari ya rabu biyu: dattawa sun ce a biya, matasa sun ce kada a ba da ko kwabo, suna ma neman a cire sakataren ilimi, wasu kuma na ganin laifin hakimi da ya yi shiru. Shin kuɗin nan yana bisa doka? Wa ya kamata mu tuhuma? Daga wani uba, Jihar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a. Zan fara da abin da babu gardama a kansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Da dokar ta zo fayyace abin da take nufi da kyauta, ta lissafa littattafai da kayan koyarwa da kujeru da ajujuwa, sannan ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka. Tarar a yau ba ta taka kara ta karya ba, amma hukuncin yana nan daram. Saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya mayar da yaro gida don ubansa bai biya kuɗin gyaran aji ba, ya saɓa doka, ko hedimasta ne ko shugaban kwamiti.

Abin da dokar ba ta hana ba shi ne gudummawa ta son rai. Kwamitin da kake magana a kai, wanda ake kira SBMC, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ce ta amince a 2006 a kafa irinsa a kowace makaranta, kuma a cikinsa akwai hedimasta da wakilan malamai da na iyaye da mata da tsofaffin ɗalibai da malaman addini da masu sana'a da wakilin sarauta. Yana daga cikin aikinsa ya nemo wa makaranta taimako daga jama'a, amma ba a ba shi ikon ɗora haraji ba. Yana iya roƙo, yana iya kiran aikin gayya, yana iya zagayawa wajen masu hannu da shuni. Da zarar roƙon ya koma sharaɗin shiga aji, kwamitin ya fita daga huruminsa, komai kyawun niyyarsa.

Batun wanda za a tuhuma shi ne inda na ga matasanku sun yi gaggawa, domin sun nufi mutumin da ya fi kusa da su, ba tare da sun bi sawun kuɗin gini ba. Kowace ƙaramar hukuma cikin 34 da ke jihar nan tana da ofishin ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda ke kula da malamai da duba makarantu da kai rahoto ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Katsina. Manyan ayyukan gini da gyara galibi SUBEB ke bayar da su, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana fitowa ne daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, wadda doka ta ware mata aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun Gwamnatin Tarayya. Jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da jadawalin makarantun da za a yi wa aiki. Makarantar da sunanta bai shiga jadawalin ba, sai ta jira wani zagaye, ko da rufinta yana ƙasa. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa sakataren ilimi ita ce: da ka rufe ajujuwan, ka rubuta wa SUBEB? Ran nawa ga wata? Ina kwafin takardar? Idan ya rufe ya koma ofis ya zauna, to matasa suna da hujja, kuma su kai ƙorafinsu a rubuce. Idan kuwa ya rubuta har ya tunatar, cire shi ba zai ɗora kwano ko ɗaya ba, wanda zai gaje shi ma teburin nan zai tarar. Kada kuma a manta da shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓarku, domin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi hannu a samar da ilimin firamare da kula da shi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Rufe jerin kuwa, a ganina, daidai ne. Bangon da ya tsage kuma ya sha ruwan damina babu rufi, ba ya sanar da ranar faɗuwarsa. Inda aka gaza shi ne rufewa ba tare da an faɗa wa iyaye matakin da zai biyo baya ba. Mutanen Katsina sun ɗanɗana wannan lokacin da aka rufe makarantun kwana bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020: umarnin rufewa yini ɗaya yake ɗauka, dawo da yara kan karatu shi ne jan aiki. A firamare abin ya fi muni, domin yarinyar da ta saba da farantin talla a makonnin da aka koro ta, ba lalle ne ta sake ɗaukar jaka ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35, kuma kowa ya san yadda ajujuwanmu suke tun kafin a ƙara musu yaran aji uku. Kafin a yi gyara, ku nemi izinin ofishin ilimi a raba yaran 'yan safe da 'yan rana, in dai za a daidaita da lokacin Islamiyya.

Game da hakimi, na fahimci abin da ya sa idanu suka koma kansa. A zamanin En'e makarantun elemantare suna hannun hukumar gargajiya, hakimai da magaddai ne ma ke kamo yara a kai su boko. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wannan iko ya bar hannunsu, yau hakimi ba shi da kasafin gyaran aji, ba ya naɗa sakataren ilimi, ba ya cire shi. Abin da ya rage masa shi ne kwarjini, kuma ba ƙaramin jari ba ne. Takardar da ta fito da hatiminsa ba a jefa ta a lungun durowa kamar ta talaka, kuma shi kaɗai ne zai kira dattawa da matasa su zauna a tabarma ɗaya. Ku je ta hannun mai unguwa da magaji ku roƙe shi waɗannan abubuwa biyu.

Idan an zauna, ga abin da zan ce da ina wurin. A soke korar yara nan take, a mayar da kuɗin gudummawa, a kuma lissafa shi bisa gida, domin yanka shi a kan kowane yaro yana nufin kai mai huɗu za ka biya naira 8,000, attajiri mai ɗa ɗaya ya biya 2,000. Kuɗin ya shiga asusun banki na kwamiti mai sa hannun mutum biyu ko uku, a ba da rasit, a manna lissafin shiga da fita a bangon makaranta. Sau da yawa rashin wannan ne ke sa mutane su ƙi biya, ba talauci kaɗai ba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a sayi ƙusa ɗaya, a nemi injiniyan ƙaramar hukuma ya duba ginin ya ba da ra'ayinsa a rubuce. Idan bangon ajujuwa biyun lafiya lau yake, jama'a na iya ɗora musu kwano da izinin hukuma. Ajin da ya tsage kuwa a bar wa SUBEB, kada a yi masa kwaskwarimar filasta a mayar da yara ciki, domin in wani abu ya faru, kwamitin ne zai amsa tambaya.

Kai kuma, Malam, gobe ka raka yaranka huɗu da kanka, ka gaisa da hedimasta cikin mutunci, ka shaida masa cewa za ka ba da abin da ya sawwaƙa idan an buɗe asusu, amma yaran za su zauna a aji daga ranar. Idan aka sake koro su, ka rubuta wa sakataren ilimi, ka ajiye kwafi, ka aika wani kwafin ga SUBEB.