Amsa: Ƙauyen da ke cikin labarin nan na gaske ne?

Malama, kin ce kin karanta wani littafin labari da aka gina a karkarar Daura, kina so ki bambance wuraren gaske da waɗanda marubucin ya ƙirƙira.

Fara da manyan wurare, don su marubuta ba su cika taɓawa ba. Daura da rijiyar Kusugu, Mai'aduwa da kasuwarta ta dabbobi ranar Lahadi, Kongolom a bakin iyakar Nijar, Zango, Baure, Sandamu, duk suna nan. Ƙauyen jarumar labarin kuwa galibi ƙagagge ne. Marubuci zai ɗauko tsamiyar wannan gari da tafkin wancan ya haɗa, ya raɗa masa suna, musamman in akwai mugun dagaci ko auren dole a ciki. Wa zai so dangin mai gari su yi masa sallama?

Inda aka fi zamewa shi ne suna. Ganin Tudun Wada ko Unguwar Liman a taswirar Google ba hujja ba ce, sunaye ne da suka cika ƙasar Hausa. Duba ranar kasuwa, tazarar ƙauyen da Daura, da hakimin da aka ce yana ƙarƙashinsa. Ki kuma lura da zamani: kafin 1987 Daura tana cikin Jihar Kaduna ne.

In don nazarin digiri ne, ki tuntuɓi malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ki nemi marubucin da kansa in yana raye.